Sitikun Jirgin Tambari

Litinin, 8 ga Satumba, da hantsi

Sun kawo jirgin. Babbar mota ta shigo da shi da baya, maza takwas kowa yana ba da umarni ba mai bi, suka karce mini bangon get, suka ɗora shi kan tsofaffin tayoyi a tsakar gida, daidai inda nake shanya. Yau kwana tara da abin da ya faru a mashigin Gidan Mode. Waɗanda aka samu an yi musu sutura. Jirgi ya dawo, mai jirgi bai dawo ba.

Yaya Abdulshakur, wan mijina, ya tsaya ya riƙe ƙugu kamar shi ya ƙera shi. Ya ce, "Rahama, jirgin ga ba shi komawa gulbi da huskar ga. Mutanen ƙetare sun ce ko kyauta anka ce su shiga, ba su shiga. Ga shinkahwa ta kusa yanka, ba su da abin hito. A ɓanɓare tarkacen ga dut, a yi mai fenti, Mu'az abokinai shi karɓa."

Tarkacen da yake nufi sitiku ne. Mijina Tambari bai taɓa ganin sitika ya wuce ta ba. Jirgin faiba ne shuɗi, amma sai ka yi da gaske za ka ga shuɗin: fuskokin 'yan takara na jam'iyyu uku da ba sa ga maciji da juna, 'yan ƙwallon Turai, damisa, zaki, tallar maganin basir, addu'o'i, sannan a kowane gefe manyan haruffa ja, JARUMIN RIMA. Jarumi! Mutumin da in ɓera ya motsa a ɗaki ni yake tasa.

Yaya ya ce zai turo masu fenti da fetur da reza. Na ce kada wanda ya taɓa, ni zan cire. Masu fentin nan sunan Allah ma a kwata za su watsar. Wannan shi ne dalilin da na ba shi. Nawa dalilin kuwa, so nake ranar da Tambari ya lallaɓo ya dawo ya tarar da abin taƙamarsa tsirara.

Litinin, bayan la'asar

Kafin Yaya ya tafi ya sake kawo ɗaya maganar. Liman ya ce ba a yi wa mutum salla, matarsa ta shiga takaba, alhali ba gawa ba shaida. Sai in ni na amince a kai magana gaban alƙali. Na ce ban amince ba. Ba na yi wa mai rai takaba.

Talata, 9 ga wata, azahar

Rana ce abokiyar aikin. Da safe gam ɗin a ƙage yake, in ka ja sai takardar ta yage ta bar maka farin baya. Amma in rana ta take, jikin jirgin ya yi zafi, sai sitikar ta yi laushi. Ka sa farce a kusurwa, ka ja a kwance, a hankali, ba sama ba. Tsohon katin banki nake turawa a ƙarƙashi. Yau na cire 'yan takara goma sha ɗaya. A ƙarƙashin kowane akwai wani, wanda Tambari ya yi wa tafi kafin shi.

Hauwa'u maƙwabciyata, mai gyaran gashi, ta leƙo da ido jajur. Ta ce an ce mutum uku ya fitar, yana kai wannan gaɓa yana komawa. Ta ce duk Runjin Sambo maganar da ake ke nan, "Walle Rahama, mijinki namiji na."

Na ce mata ta miƙo mini tsumma.

Namiji. Shekara tara ina aurensa. Ranar da gobara ta tashi a shagon mai walda na bakin layi, Tambari ne ya fara kaiwa masallacin Juma'a da ƙafa, takalmi ɗaya. Na san abin da ya faru kamar ina wurin: ya ga jirgi ya juye, ya ga abin da ya jawo, ya fita ta wani wuri ya shige ciyawa. Yanzu yana can gidan wani abokinsa a Wamakko ko Argungu, yana cin tuwon mutane, yana jiran ƙura ta lafa.

Laraba, 10 ga wata, da safe

An yi ruwa. Ban yi aiki ba.

Alhamis, 11 ga wata, azahar

Cire takarda wasa ne, danƙon da take bari shi ne aiki. Baƙi, mai yauƙi, ƙura ta manne masa, siffar kowace sitika tana nan zaune kamar ba a cire ta ba. Na gwada ruwan zafi da omo, ya yi mini dariya. Na gwada kalanzir, ya ci, amma warin ya hana Inna numfashi. Sai na tuna yadda muke cire tambarin sabon kwano: man gyaɗa. A shafa, a bar shi ya jiƙa kamar tsawon dafa shinkafa, a murza da tsumma, danƙon ya dunƙule ya zubo. Daga nan a wanke da omo.

Inna, uwarsa, tun da abin ya faru ta dawo nan daga Ƙofar Dundaye. Tana zaune bakin ƙofa tana kallon man girki yana ƙarewa a jikin jirgi. Ba ta cewa ya rasu, ba ta cewa yana raye. Carbi kawai. Ta fi su duka hankali.

Masu zuwa kuwa ban san me zan kira su ba. Ba su iya cewa Allah ya jiƙansa, ba su iya cewa Allah ya dawo da shi, sai su zauna su cika mini tabarma suna "ya ƙarin haƙuri". Wata ƙanwar babansa ta ce bai dace a ga kwalli a idona ba. Na shiga ɗaki na ƙara.

Juma'a, 12 ga wata, bayan an sauko masallaci

Mu'az ya zo ganin abin da zai gada. Abokin Tambari ne tun suna tuƙa keke mai ƙafa uku, kafin Tambari ya sayar da nasa ya ce shi ruwa ya kira shi. Ɗan gidan dukawa, kakanninsa duk jima da ɗinkin fata suka sani, wai ruwa ya kira shi.

Mu'az ya zagaya jirgin, ya ƙwanƙwasa nan, ya ƙwanƙwasa can, ya ce aikina ya yi jinkiri. Kafin in hana shi ya zaro reza ya kafta wa zakin. Zakin ya fita, tare da fatar jirgin, farin zane mai tsawon ɗan yatsa. Ya tsaya yana kallon abin da ya yi.

Na ce, "Ka gama? Ko akwai sauran gwaninta?"

Ya ce, "Ki yi haƙuri, Rahama. Ni ma ba son raina na ba. Da shina nan, da ban ko dubi jirginai."

Na ce ai yana nan, kuma zai tambaye shi wannan zanen. Ya sunkuyar da kai kamar na zage shi. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan, yadda suke tausaya mini da ido.

Asabar, 13 ga wata, hantsi

Wayata ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Na bar katin ya faɗi cikin bokiti. Wani ne yake neman mai sayar da siminti.

Lahadi, 14 ga wata, la'asar

Na zo kan addu'o'in. Sun fi yawa a goshin jirgin da wajen mazaunin direba: Bisimilla, Hasbunallahu, addu'ar hawa abin hawa, Ayatul Kursiyyu har guda huɗu, wata kan wata. Jirgin da aka ce na mutum goma sha biyar ne, ranar kasuwa ya ɗauki abin da ya ɗauka, da buhuna, da babur, sannan a ce sitika ta riƙe. Allah na tuba. Ba addu'ar na raina ba, mai liƙawar na raina.

Waɗannan ba a yi musu garaje. Na yi alwala. Ban sa musu kalanzir ba, ban yarda su yage ta tsakiyar kalma ba. Hauwa'u ta aro mini na'urarta ta busar da gashi, da aka kawo wuta na riƙa hura musu zafi ina ɗagawa kaɗan kaɗan, kowace ta fito ɗungurungum. Inna ta taso da kanta ta kawo farin kwanonta na sha, ta riƙe da hannu biyu, ina cirewa ina sakawa. Sauran tarkacen suna cikin buhun shara.

Liman ya ce a ƙone su a wuri mai tsabta a binne tokar, ko a kai su ruwa mai gudu. Na ce a ƙone. Ruwa mai gudu ya samu rabonsa daga gidan nan.

Mun binne tokar a gindin dogon yaro. Inna ta daɗe a tsugune. Da ta tashi ta ce, "Ɗiyata, tun shina ƙarami haka shike. Komi yas samu sai ya liƙa ma bango." Ta ce haka yake, ba ta ce haka ya kasance ba. Na lura, na kuma ji daɗi.

Litinin, 15 ga wata, azahar

Yaya Abdulshakur da maganarsa. Wai an bi gulbi har gaba da Wamakko, an tambayi masunta, an duba asibitoci. Wai zamana haka ba aure ba takaba ba zai yi kyau ba. Wai mutane suna magana.

Na ce, "Yaya, kun duba tashar mota?"

Ya ce, "Subhanallahi. Rahama, mi kike hwaɗi haka? Ƙanena ya ba da rainai wajen ceton mutane, ke kina ce mai gudajje?"

Na ce ni dai na san wanda na aura. Ya buga babbar riga ya fita. Su suna son gwarzo, a sa sunansa a bakin mashigi, a riƙa ba yara labari. Su je su nemi gwarzonsu. Ni a bar mini matsoracina, wanda zai shigo wata rana da ido ƙasa yana shafa ƙeya, in yi masa tas, in sa masa ruwan wanka.

Talata, 16 ga wata

Kwana goma sha bakwai. Ko matsoraci ai ya kamata ya aiko da saƙo.

Laraba, 17 ga wata, bayan azahar

Na cire JARUMIN RIMA na gefen dama. Harafi ɗaya ɗaya ne, roba mai kauri, sun fita ba gardama. Na shafa mai, na murza, na wanke. Da ya bushe na ja da baya in duba, sai ga rubutun yana nan. Rana ta cinye shuɗin ko'ina ya koɗe, ban da inda haruffan suka rufe. Ana karanta shi daga bakin get.

Na sa toka da soso, na goga har kafaɗata ta riƙe. Na sa man goge mota da Mu'az ya bari. Ya ɗan dusashe, bai tafi ba. Hauwa'u ta ce in bari, fenti zai rufe. Na sani. Ni dai haushi nake ji, mutum ya yi ƙarya da manyan baƙaƙe har ta kama jikin abu.

Hannuna duk ya tsage. Farcen babban yatsa ya ɗaye. Ban ci abincin rana ba, ba don komai ba, warin man ne.

Alhamis, 18 ga wata, hantsi

Na shiga cikin jirgin yau, karo na farko. Sai da na taka turmi na hau. Akwai laka busasshiya a ƙasan, da ƙwayar shinkafa da ta tsiro ta mutu, da silifa ƙafa ɗaya, ta mace. Na sa ta a leda na ajiye, ban san wa zan ba.

A ciki sitikun ƙanana ne, na alawa da na batir, irin abin da yaro zai tara. Na zauna a mazauninsa ina cirewa. Daga nan mutum ba ya ganin komai sai bayan kawunan fasinja. Ban taɓa shiga jirgin nan yana kan ruwa ba. Sau nawa ya ce in zo ya zaga da ni, na ce ni ba kifi ba ce.

Ban gama ba. Rana ta yi zafi.

Juma'a, 19 ga wata, la'asar

Bari in rubuta, tunda littafin nan ba ya zuwa majalisa.

Tambari bai iya iyo ba. Ko kaɗan. Ko a kwalbatin unguwa aka jefa shi sai an tsamo shi. Ba wanda ya sani sai ni, ko Inna ba ta sani ba. Ya rantsar da ni tun makon da ya sayi jirgin. Akwai rigar nan mai soso a ciki, ruwan lemo, wadda ke hana mutum nutsewa. Guda ɗaya ce ta zo da jirgin. Kullum da asuba ni nake ɗaure masa igiyoyinta a kan singileti, ya ɗora jamfa mai faɗi a sama don kada a gani. Faɗin ƙirjin da 'yan matan ƙetare suke yabawa, soso ne.

To ku gaya mini yadda mai wannan riga zai nutse. An samu jirgi, an samu babur, an samu buhuna, ba a samu riga ba. Tana jikinsa, shi kuma yana inda ta kai shi. Shi ya sa nake kallonsu suna sharar hawaye ina jin kamar in yi dariya. Ba zan iya faɗa musu ba, amana ce. In ya dawo ya tarar na tona shi, ba zai ƙara ɗaga kai a bakin gulbi ba.

Asabar, 20 ga wata, azahar

Gefen hagu ya fita. Saura wanki na ƙarshe. Masu fenti jibi.

Lahadi, 21 ga wata, bayan azahar

Ina wanke jirgin aka yi sallama. Wata tsohuwa ce, 'yar ƙarama, zane ɗaya da mayafi, da ƙullin buhu a ka. Ta ce sunanta Mairo, daga ƙetare. Ta ce tun safe take tambaya, daga tasha har nan, gidan mai jirgi. Ta dubi jirgin da ke gabanta ba ta gane shi ba.

Na shimfiɗa mata tabarma, Inna ta kawo ruwa. Na ɗauka irin masu zuwa ne, na shirya kunnena.

Ta ce, "Ke ta matatai?" Na ce ni ce.

Ta ce tana cikin jirgin ranar. Ta sha ruwa da yawa, sati biyu tana kwance, da ta tashi kuma ba jirgi, sai da ta samu mai babur ya zagayo da ita ta gada. Ta ce ba ta son ta mutu da kayan mutane. Tana magana tana kwance ƙullin.

"Ga rigatai na kawo mai. A ce mai Mairo ta gode. Ina shike?"

Rigar soson ce, ruwan lemo. Ta wanke ta. Har ta ɗinke inda igiya ɗaya ta tsinke, da baƙin zare.

Inna ta ce, "Rigar wa?" Tsohuwar ta ce ta mai jirgi mana. Ta ce ya kai mutum biyu gaɓa, ya dawo ya same ta tana riƙe da bakin jirgin, hannunta ya gaji, ruwa yana jan su tsakiya. Ya ga ba ya iya janta. Ya tuɓe jamfa, ya tuɓe wannan, ya sa mata. "Yac ce, Iya, ki kwanta bisa bayanki, kak ki yi komi, ita za ta kai ki. Nic ce kai hwa? Yac ce shi ɗan ruwa na. Daga nan ruwa yar raba mu."

Ta ce ta san ya fita, irinsu ai ruwa gidansu ne. Ta dubi Inna, ta dube ni.

Na tashi na ɗauraye jirgin, don omo yana bushewa ya bar zane.

Litinin, 22 ga wata, da safe

Na aika aka kira Yaya Abdulshakur. Na sa rigar a gabansa, gaban Inna, na faɗa musu abin da na riƙe shekara huɗu. Ya ce, "Tambari? Bai iya ba?" Na ce bai iya ba. Ya ce ko kaɗan? Na ce ko kaɗan. Inna ta ajiye carbin a kan tabarma.

Na ce ya je ya gaya wa liman na amince.

Masu fenti sun zo, na ce su ɗauke shi su yi a can.

Litinin, la'asar

Hauwa'u ta tsefe mini kai. Na wanke kwallin.

Akwai abin da ban rubuta jiya ba. Da na raka tsohuwar bakin get, na tambaye ta yadda ta gan shi. Sai ta ce in yafe mata, amma kuka yake yi. Haƙoransa suna haɗuwa, yana kiran Inna. Hannunsa yana rawa har ya kasa ɗaure mata igiyar, ta kwance, ya sake, ta kwance, sai a na uku ta kamu.

Duk labaran da aka kawo mini cikin kwana ashirin da uku, wannan kaɗai na yarda da shi. Mijina ne wannan.